Masu kwanciya ta gefe, me kuke shimfiɗawa in za ku kwana a daji?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa kwana a fili ko a tanti ku ba ni labarin abin da kuka shimfiɗa. Ni dai tun ina yaro ta gefen dama nake kwanciya kamar yadda aka koya mana a islamiyya, hannu ƙarƙashin kunci, in na yi rigingine ko minti goma ba na kaiwa sai na juya. Bara mun hau Dutsen Shere a Jos da abokai muka kwana ɗaya, na tafi da tabarmar roba da bargo na ninka shi biyu ina ganin ai ya isa, wallahi kafin ƙarfe biyun dare ƙashin kwatangwalona kamar ana soka min ƙusa, kafaɗa ta sage, in na koma hagu shi ma ba a jimawa ya ɗauka, haka na yi ta juyi har asuba. Abokina da ke kwanciya rigingine kuwa, shimfiɗarmu iri ɗaya, minsharinsa kawai yake ja. To yanzu cikin Janairu muna shirin zuwa Gashaka-Gumti a Taraba, so muke mu kai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, kaya a baya. Kwana ɗaya na iya daurewa, huɗu ko biyar kam ba zan iya ba. Nauyina kilo 78.

Hajiyar Zariya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni ban taɓa hawa dutse ba amma na kwana a Muzdalifa a aikin Hajjin 2023, ƙarshen watan Yuni, kuma na san wannan ciwon kwatangwalon da kake faɗa. Irin tabarmar nan da ake sayarwa alhazai a shagunan Makka na saya, mai ɗan soso siriri a ciki da ɗan filo a manne. Mun baro Arfa a gajiye, muka samu gefe muka haɗa Magariba da Isha, ina shimfiɗawa na kwanta sai na ji kowace tsakuwa a haƙarƙarina, ga ƙasa da zafi kamar an sauke tukunya a wurin duk da dare ya yi. Wata baiwar Allah 'yar Sakkwato da ke kusa da ni ita ta ce Hajiya tashi ki share wurin da hannu tukuna, dama ai za mu tsinci tsakuwar jifa, muka share tas, sannan ta ce in naɗe hijabina na biyu in cusa shi a ramin ƙugu, wato tsakanin haƙarƙari da kwatangwalo inda jiki ba ya taɓa ƙasa, tawul kuma in sa tsakanin gwiwoyi. Kai, bambancin ba kaɗan ba ne. Na samu barci har sai da aka tashe ni. Har yau a gida da filo tsakanin gwiwa nake kwana.

Mai Hawa Dutse:
Malam matsalarka a fili take. Mai kwanciya rigingine nauyinsa ya bazu a bayansa gaba ɗaya, kai kuwa duk kilo 78 ɗin nan a wuri biyu yake sauka, kafaɗa da kwatangwalo, shi ya sa abin da ya ishi abokinka kai bai ishe ka ba. Na shekara takwas ina wannan yawo, iri uku na gwada.

Na farko ita ce ta soso mai tauri wadda ake naɗewa ko a ninke kamar kiret ɗin ƙwai, kamar Z Lite ta kamfanin Therm-a-Rest, kaurinta santimita 2 ne, nauyi gram 410, ba ta hujewa ba ta sacewa, ka jefar a kan dutse ka zauna. Mai kwanciya rigingine za ta yi masa, mu 'yan gefe a busasshiyar ƙasa ita kaɗai ba ta kai mu safiya lafiya. Sai mai shan iska da kanta, soso ne a ciki, ka buɗe bawul ta kumbura ka ƙara mata numfashi biyu uku, waɗanda ake iya goyawa yawanci santimita 2.5 zuwa 5 ne. Sai katifar iska zalla, a nan ne na samu lafiya, tawa santimita 7 da ɗoriya ce, akwai ma masu 10 kamar Ether Light XT ta Sea to Summit, kuma in ka naɗe ta ba ta wuce gorar ruwa da yawa ba.

Amma ga inda mutane ke kuskure, sai su hura ta tam kamar tayar keke, to ka koma gidan jiya, don ta zama katako. Yadda nake yi, in hura ta cika, in kwanta ta gefe yadda zan yi barci, in miƙa hannu in riƙa danna bawul kaɗan kaɗan iska na fita har in ji kwatangwalo ya nutse, sai in zura tafin hannu ƙarƙashin katifar daidai wurin, in saura kamar yatsa biyu ya taɓa ƙasa sai in rufe. Amfanin kaurin kenan, ya ba ka wurin nutsewa. In siririya ce kana rage iska ƙashi ya dira a ƙasa.

Sannan faɗi. Wadda aka fi sayarwa santimita 51 ce, mu kuwa muna lanƙwashe gwiwa, sai ka farka gwiwa a ƙasa ko baya a ƙasa. Nemi mai 64, ƙarin nauyin bai kai wahalar ba.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai yallaɓai. Hajiya Allah ya karɓi ibada, dabarar ramin ƙugun nan yau zan gwada. To sanyi fa? An ce can sama cikin hunturu ba wasa.

Mai Hawa Dutse:
Ba wasa kam, duk wanda ya kwana ko a Gembu ne, garin nan na kan tsaunin Mambila a Taraba, cikin Disamba ya sani. Kuma sanyin da ke hana barci ta ƙasa yake shigowa, don bargon da ka danne da jikinka ya riga ya lotse ba ya riƙe ɗumi. Duba jikin kwalin katifar akwai wata lamba da ake rubutawa da harafin R, ita ke nuna yadda take tare zafi ko sanyi, tun 2020 manyan kamfanoni suka koma awo iri ɗaya don a iya kwatantawa. 1 zuwa 2 na lokacin zafi ne, wajen 3 zuwa 4 zai yi maka a wannan tafiyar. Katifar iska da ba komai a cikinta sai iska, irin ta baƙi a ɗaki, lambarta ƙasa take sosai, iskar cikin ta yi sanyi ta riƙa zuƙe maka ɗumin jiki duk dare komai kaurinta. Abin daɗin shi ne lambar tana haɗuwa, in ka ɗora mai 2 a kan mai 2 ka samu 4. Sosan nan mai tauri da na fara faɗa ma shi zai tare zafin ƙasar da Hajiya ta ji a Muzdalifa, aikin ɗaya ne.

Ba'agadashe:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni mutumin Agadas ne, na yi shekaru ina kai baƙi cikin duwatsun Ayar, Timiya da Bagzan, lokacin da masu yawon buɗe ido ke zuwa da yawa. Ban ƙi maganar mai hawa dutse ba, amma ku ji ni da kyau, ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Turawan da sun ka ƙera matalar iskar nan, wato katifar iska, ba su san ƙarangiya ba, ba su san tsidau ba, ba su san ƙayar aduwa da ke kwance cikin rairayi ba ka ganinta. Na ga baƙo da matala sabuwa fil mai tsada, daren farko ƙarangiya guda da ta maƙale a wandonsa ta shiga tanti da shi, kafin tsakar dare yana bisa ƙasa, kuma sanyin Bagzan cikin Janairu ruwa a buta har so yake ya daskare. Da safe mun ka yi ta neman hujin ba mu gani ba don ƙanƙane ne kamar bakin allura.

Mu abin da muke yi a rairayi, ni ma ɗan gefe ne, kafin ka shimfiɗa komai ka kwanta bisa ƙasa ka ga inda kwatangwalo ya yi alama, ka tashi ka tona wurin da hannu, ɗan rami kamar zurfin yatsa uku, faɗin faranti, ka yi wani ƙarami na kafaɗa, rairayin da ka kwashe ka tara shi wajen kai ya zama matashi. Sai tabarma, sai matalar soso, sai bargo. Kwatangwalo ya faɗa raminsa, baya ya miƙe sambal. Haka na gani wajen tsofaffinmu masu ayarin gishirin Bilma. Amma a kan dutse ba ka tona komai, wannan gaskiya ne. Kuma kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Direban Tirela:
Ni shekara goma sha tara ina Kano Legas, kwanan hanya ba adadi. Na je wajen masu katifa na ce a yanko min soso mai ƙarfi inci uku daidai tsawona, tela ya ɗinka masa riga da yadin tamfol, a ƙasa in shimfiɗa kwali biyu. Ba faci ba famfo. Soso mai laushi kada ka saya, wata biyu ya zama kamar takarda.

Mai Hawa Dutse:
Baba direba taka ta fi tawa daɗin kwanciya ba musu, sai dai kai mota ce ke ɗaukar maka, shi a baya zai goya ya hau dutse. Amma maganar ɗan uwanmu na Agadas haka take, ni ma sau biyu ana huje min. Shi ya sa yanzu biyu nake ɗauka, sosan mai tauri a ƙasa, ta iska a sama. Sosan ya tare ƙaya ya ƙara ɗumi, in ma ta iskar ta mutu a dare na biyu ba a ƙasa zan ƙarasa tafiyar ba.

Likitan Gashi:
Aikina gashin ƙashi ne a asibiti, kuma duk shekara ina shiga i'itikafi goman ƙarshe, a kan tayil da kafet siriri. Abin da zan ƙara shi ne filo, kowa katifa yake ta magana. Mai kwanciya ta gefe akwai tazara tsakanin kunnensa da shimfiɗa daidai faɗin kafaɗarsa, in ba a cike ta ba wuya zai karkata ƙasa duk dare, kuma mutum sai ya cusa hannu ƙarƙashin kai don ya cike, shi ne hannun ke mutuwa. Shekarar farko rigata na naɗe na yi matashi, kwana uku ban iya waiwayawa a sallama ba sai da dukkan jiki. Yanzu jakar kayana nake cikawa da tufafi har ta kai tsayin da kai zai daidaita da ƙashin baya. In kan katifar iska ne filon zai riƙa zamewa, saka wa katifar tsohuwar riga ta wajen kai ka cusa filon a ciki, ba inda za shi. Amma in ciwon kwatangwalon yana bin ka har a gadonka na gida to a je a duba, ba laifin shimfiɗa ba ne.

Ƙaton Bauchi:
Ni kilo 106 ne. Na sayi mai shan iska da kanta a gwanjo, santimita kusan 4, na kai ta Yankari, rigingine lafiya lau, ina juyawa gefe sai ƙasa. Na hura ta da baki har kaina ya yi jiri, duk da haka. Masu jiki irina kada ku yi ƙasa da 8, kuma in gwanjo ce ku hura ta a shagon ku zauna a kai ku jira, kada kunya ta hana ku. Tambayata, wata da na ara daga baya na hura ta da la'asar tam, da dare na tarar ta yi laushi, mai ita ya rantse ba ta da huji, ya abin yake?

Mai Hawa Dutse:
Gaskiyarsa ne mai yiwuwa. Iska mai zafi in ta huce tsukewa take, ka hura da rana ko da numfashinka mai ɗumi, dare ya yi sanyi sai ta saki, ƙara mata kafin ka kwanta shi kenan. In ta ci gaba da sauka har asuba to huji ne, kaɗa ruwan omo ka shafa mata tana a hure ka danna, inda ya yi kumfa nan ne, ka fara duba bakin bawul. Goge, bari ya bushe, manna facin da ke zuwa tare da ita. Akasin haka kuma shi ya fi haɗari a wajenmu, kada ka bar ta a hure cikin tanti da rana, iskar ta buɗe ta ɓalle ɗinkin ciki, sai ka ga ta yi ƙulu kamar tulu a tsakiya, wannan ba mai facin da zai gyara.

Ɗan Tudun Wada:
Jama'a na dawo da rahoto. Na samu aron katifar iska mai santimita 8 wajen wani abokin yayana, na sayi sosan naɗewa, jiya na kwana a tsakar gida kan siminti don in gwada kafin tafiya. Na hura ta na yi ta rage iska kamar yadda aka ce, karon farko na rage da yawa na ji ƙasa sai da na sake hurawa, na biyu ya yi daidai. Jaka cike da kaya a kai, tawul tsakanin gwiwa. Sau ɗaya na farka, shi ma gwiwata ce ta sauka kan siminti don mai 51 ce, kiran assalatu ne ya tashe ni, kwatangwalo shiru. Zan ƙara dare biyu in ga ko tana sacewa. Yanzu mai faɗi nake nema, wanda ya san mai kawo irinta a Kano ko Jos, ko gwanjo ce mai kyau, ya taimaka min kafin ƙarshen Disamba.