Katin sauti, tsoho ko sabo? Abin da muka gani da kwamfutocinmu a Damagaram

Mai ɗaukar tafsiri, unguwar Birni:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar tafsirin azumi na malaminmu da wayar hannu, kuma bana na yi niyyar sayen katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, domin in haɗa makirfo biyu da kwamfuta, ɗaya na Malam, ɗaya na mai jan baƙi. An kawo mini guda biyu, tsoho mai mashiga takwas (wuraren jona makirfo) wanda aka shigo da shi daga Kano da sabo mai mashiga biyu, kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce mai Windows 10. Ina roƙon waɗanda suka yi aiki da irinsu su faɗa mini abin da suka gani.

Mai sitidiyo, Zengo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ƙirga mashigai, juya tsohon ka dubi bayansa ka ga wace irin waya yake ɗauka. Ni na taɓa sayen irinsa saboda araha, sai da na kai shi gida na gane cewa FireWire ne, wata tsohuwar kafar haɗi dabam da USB, alhali kwamfutata ba ta da wannan kafar ko kaɗan. Tun wajen 2012 masu ƙera kwamfuta suka fara barin FireWire, kuma wayar da ake sayarwa a kasuwa mai kan USB a gefe ɗaya da kan FireWire a ɗaya gefen ba ta yi mini komai ba, domin hanyar da kafofin biyu suke tura bayanai ba ɗaya ba ce. Abin da ya cece ni shi ne kwamfutar tebur da na sa wa katin FireWire na ciki mai ƙwaƙwalwar kamfanin Texas Instruments. Sautinsa yana da kyau har yau, ba na musu, amma ya ɗaure ni a ɗaki ɗaya, kai kuwa masallaci za ka riƙa zuwa.

Ma'aikaciyar gidan rediyo:
Malam, ko da ya zama na USB ne, akwai sauran tambaya, wato ta direba, manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin. A wurin aikinmu muna da wani tsohon kati wanda kamfanin da ya ƙera shi ya daina fitar masa da direba tun zamanin Windows 7. Da muka canza kwamfuta sai ya riƙa yanke magana a tsakiyar hira, wani lokaci kuma ya ɓace gaba ɗaya sai an zare an mayar. Mun gwada ASIO4ALL, wani direban sauti na gama-gari, ya rage jinkirin sauti amma bai hana yankewar ba. A ƙarshe muka mayar da shi kan tsohuwar kwamfutarsa, muka cire ta daga intanet, kuma a can yana aiki lafiya lau. Na dage a kan wannan ne saboda Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka ko ba yau ba za ka koma Windows 11, kuma ya kamata katin da za ka saya ya iya binka can.

Mai gyaran kwamfuta, kusa da kasuwar Dole:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ina so in ƙara cewa sabon ma yana iya ƙin mutum. Wani matashi mai waƙa ya kawo mini sabon kati fil a kwali, kwamfutarsa kuwa Windows 7 ce, manhajar katin ta ƙi sauka saboda Windows 10 take nema ko abin da ya fi ta, kuma injin ya yi rauni da yawa a ɗora masa sabuwa. Kada kuma kan USB-C ya ruɗe ka, domin siffar kai ce kawai, kuma yawancin ƙananan katunan nan da USB 2.0 suke aiki a ciki, wanda ya ishi makirfo biyu har da ragowa. Ni abin da nake yi wa duk wanda ya zo shi ne in ce ya kawo kwamfutarsa da katin tare, mu ɗauki magana ta minti ashirin ba tsayawa, mu saurara, kafin kuɗi ya fita daga aljihunsa.

Mai sitidiyo, Zengo:
Na manta da maganar wuta. Manyan tsofaffin katunan galibi suna da tasu wayar lantarki, idan aka ɗauke wuta ana cikin karatu shi ke nan ɗauka ta tsaya. Ƙaramin kuwa daga USB yake shan wuta, har da volt 48 ɗin da irin makirfon da ake kira kondensa ke buƙata, saboda haka muddin batirin kwamfuta na da caji aiki na tafiya.

Mai ɗaukar tafsiri, unguwar Birni:
Allah Ya saka muku da alheri. Na duba bayan tsohon yanzu, FireWire ne kamar yadda Alhaji ya yi zato, don haka na mayar wa mai shi. Gobe bayan la'asar, in sha Allahu, zan kawo kwamfutar da sabon katin shagonka, Malam mai gyaran kwamfuta, mu gwada, kuma zan taho da makirfon duka biyu.