Aikin ƙaba a asibitin gwamnati: waɗanda aka yi wa su ba mu labari

Ɗan dako a kasuwar hatsi, Maradi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Likita ya tabbatar mini cewa kumburin da yake fitowa a matsematsina idan na ɗaga buhu, ya koma idan na kwanta, ƙaba ce, kuma babu abin da zai rufe ta sai aiki. Ba ni da halin asibitin kuɗi, saboda haka na gwamnati zan nufa. Ina roƙon waɗanda aka yi wa su faɗa mini yadda abin yake, musamman yaushe mutum yake komawa bakin sana'arsa.

Manomi daga Gidan Rumji:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ka lafiya. Ni an yi mini, kuma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne zirga-zirgar da ta gabaci aikin. An aike ni awon jini da na sukari, aka duba hawan jini, sannan aka haɗa ni da mai allurar kashe zafi, wanda ya yi mini tambayoyi a kan tari da magungunan da nake sha. Bayan haka aka rubuta takardar kayan aiki, zare da safar hannu da ruwan ƙari da allurai, wasu muka samu a cikin asibitin, wasu kuwa sai da ƙanena ya fita gari. Ka tanadi abin da ya ɗara kuɗin da aka faɗa maka, domin takarda takan biyo bayan takarda. An hana ni ci da sha tun tsakar dare. A ɗakin aiki an yi mini allura a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, ina jin hirar ma'aikata har aka gama. Shawarata ita ce ka nemi rana a cikin rani, kada damina ta riske ka da ɗinki.

Wadda ta yi jinyar mahaifinta, Tasawa:
Malam, don Allah kada ka ɗage ranar da aka ba ka. Baba ya daɗe yana mayar da tasa da hannu yana shan jiƙo, har daren da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ya kama amai, ko tusa ba ta fita. Likitoci sun ce hanji ne ya shaƙe a cikin ramin ƙabar, jini ya daina kai masa, dole aka yanke wurin da ya lalace. Kwanciyarsa da kuɗin da muka kashe sun ninka na maƙwabcin gadonsa, wanda ya zo da ƙafarsa. Kuma ka zo da mai jinya mai kuzari, domin abinci da wanki da sayen magani da kiran ma'aikaci cikin dare duk a kansa suke.

Uwa daga unguwar Zariya:
Ɗana aka yi wa yana ƙarami. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma duk da haka mun sayi magungunan da aka ce sun ƙare. Babba dai ba ya cikin wannan rangwame.

Tela, Sabon Gari:
Akwai abubuwan da maza suke jin nauyin tambaya. Fitsarin farko yakan yi wuyar fita bayan allurar baya, kada ka ɓoye wa ma'aikata. Ni na yi ciwon kai mai tsananta idan na tashi zaune, ya lafa da kwanciya da shan ruwa. Maganar da ake yi a majalisa cewa aikin yana kashe namiji, ni ban gan ta ba, domin an yi mini haihuwa bayansa. Ka kuma tambayi likita ko raga zai sa, wato ƴar ragar da ake ɗinkewa a ciki don ƙarfafa wurin, ko ɗinki kaɗai zai yi, saboda masu raga ba su cika samun dawowar ƙaba ba, ko da yake ita ma kai za ka saya.

Manomi daga Gidan Rumji:
Na manta da ainihin tambayarka, ɗan'uwa. Tafiya a hankali tun washegari ake so, zare kuma ana cire shi bayan kamar kwana 10, amma kaya mai nauyi an hana mu har mako 6, kuma buhun gero mai kilo 100 ya kamata ka sake tambayar likita kafin ka taɓa shi. Ka yi magana da ubangidanka tun yanzu ya ba ka awo ko tsaron rumfa na wannan lokaci.