Me za mu kira injin da tsufa ke ƙara wa kuɗi?

Assalamu alaikum jama'a. Iyayenmu na kasuwar katako ta Gombe da malamanmu na Hausa, ku matso kusa. Akwai kalmar da Turawa ke liƙa wa tsofaffin injinan yankan itace a wuraren gwanjonsu irin su eBay, wato "vintage". So nake mu tsayar mata da takwara.

Ga irin kayan da ake nufi. A 1959 kamfanin Stihl na Jamus ya fitar da Contra, mai nauyin kilo 12, wanda mutum ɗaya ke aiki da shi, alhali na farko-farko, kamar wanda Dolmar ya ƙera a 1927, sai mutum biyu sun kama. Irin waɗannan ne masu tara injina ke rububi a yau, kuma ba ƙarfin yanka suke saye ba. Mai saye zai duba ko fentin na asali ne, ko lambar jikin tana nan ba a kankare ta ba, ko kabureta da murfin tanki na kamfani ne. Sannan a ja igiya a ji ko zai tashi. Da yawansu sun fi son inji da tabonsa na aiki a kan wanda aka shafe da sabon fenti.

To, gwanjo ba za ta yi ba, tana da aikinta: wurin da ake ta ƙara tayi har a sallama wa wanda ya fi, ga kuma tufafin dila. Tokumbo da Beljiyam hanyar da kaya ya biyo kawai suke faɗa. "Na hannu" ta ce wani ya mora, shi ke nan. "Tsohon yayi" kuwa kushe ne, dillali ba zai furta ta a gaban mai saye ba.

Wani malaminmu ya kawo "kayan tarihi". Allah ya gafarta Malam, ta yi kusa, sai dai kayan tarihi ajiye su ake yi a kalla. Shi kuwa Stihl 070 na asali har gobe yana tsaga gungumen maɗaci, kuma masu aikin daji sun san bambancinsa da kwaikwayon da ake shigowa da shi daga China.

Ni dai "tsohuwar zuma" na tsaya a kai. Kowane Bahaushe ya san da ita ake magani, ba sai an yi masa bayanin cewa daɗewa ce ta ƙara mata daraja ba. Kuma ta zauna a baki: "Alhaji, injin nan tsohuwar zuma ne, ba na kilo ba ne." Maganar kilo ɗin nan ita ta fi damuna, domin injin da aka kira tsoho kawai, ƙarshensa sikelin 'yan gwangwan, a biya kuɗin ƙarfe.

Amma a sa sharaɗi. Ba kowane tsohon inji zai ci sunan ba. Sai gangariya, wanda kamfani ya daina ƙera irinsa ko samunsa ya yi wuya, kuma ba a cika shi da kayan aro ba. Jabu ko ya shekara hamsin jabu ne.

Batun abin da inji zai kawo in an tashi sake sayar da shi, wannan 'yan kasuwa sun riga mu: "yana riƙe kuɗinsa". A bar ta haka.

Saura sunan su masu sayen don ajiya. "Masu tarawa" ta yi mini salam. Iyayenmu dillalai, ku da kuke cikin harkar, me kuke ce musu?