Zanen fesa a jikin motar mutane: fasaha ce ko ɓarna, kuma yana fita?

Baban Hafsat:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata gida biyu ce. Ana yawan ganin hotunan motoci da tireloli da taragon jirgin ƙasa da wasu suka bi dare suka fesa wa fentin gwangwani. Wani laƙabin mai fesawar ne kawai, wani kuwa zane ne da ya amsa sunansa, har da inuwa da haɗin launi. Masu kare abin suna cewa fasaha ce. To idan mai motar bai sa ba, bai ma sani ba, kyan zanen yana canja wani abu? Na biyu, ga waɗanda suka san aikin fenti: irin wannan yana fita ba tare da an sake wa motar fenti ba?

Usta Mai Fenti:

Wa alaikumus salam, Baban Hafsat. Bari in ɗauki ta biyun. Sau da yawa yana fita, amma sai mutum ya san abin da yake taɓawa.

Fentin mota hawa-hawa ne: firaima a ƙasa, sai launi, sai kiliya a sama, wato fatar nan marar launi mai ba da sheƙi. A motar da ke da fentin kamfani, kaurinsu gaba ɗaya bai cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Kiliyar kanta wajen 40 zuwa 50 ce, ko kaurin takardar littafi ba ta kai ba. Sa'ar da ake ci ita ce a kamfani gasa fentin ake yi a zafin da ya kai kusan digiri 140 har ya kama gam, shi kuwa na gwangwani bushewa kawai yake yi idan ruwan sinadarin cikinsa ya tashi. Shi ya sa abin da zai narkar da na sama ba lalle ya ci na ƙasa ba, muddin ba a bar shi ya jima ba.

Kada a yi jinkiri. A kwana ɗaya zuwa biyu na farko yana da taushi, kowace rana da ta doke shi kuma ƙara ƙarfi yake yi. A kai motar inuwa ƙarfen ya huce, a wanke ta tas da ruwa da sabulu, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin tsumma ta isa ta bar layi daga ƙofa zuwa ƙofa. Sannan a fara da abu marar ƙarfi, kamar farin sifirit ko maganin cire kwalta. A gwada tukuna a wurin da ido ba ya gani, kamar cikin bakin ƙofa. In lafiya, a jiƙa tsumma mai laushi, a ɗora a wurin da bai fi tafin hannu ba na daƙiƙa 20 zuwa 30, a share ta gefe ɗaya, a juya tsumman zuwa inda yake da tsabta, a ɗauraye. Kada a riƙa dirzawa ana zagaye, wannan shafa fentin ne ake yi zuwa inda bai taɓa ba. Feshin da ya watsu kamar ƙura a gefen zanen, wanda hannu yake ji kamar gari, yumɓun goge fenti da ruwan sabulu ne ke ɗauke shi.

Inda mutane ke janyo wa kansu shi ne tina da asiton. Suna cire zanen nan take, shi ya sa ake sha'awarsu, amma idan motar ta taɓa shan fentin gyara, musamman wanda ba a sa wa hadina ba, wato sinadarin da ake haɗawa don fenti ya yi ƙarfi, tare za su kwashe su. Da zarar ka ga launin motar a jikin tsumma, tsaya. Fitilar gaba ma a yawancin motocin yanzu roba ce, ba gilashi ba: asiton na taɓa ta za ta yi hazo ta tsattsage, sai dai canji. Baƙar bamba mai kaushi ita ce ciwon kai, fentin yana shigewa cikin ramukanta, sai da burushi mai laushi da haƙuri. Gilashi shi ya fi sauƙi: sabuwar reza da ruwan sabulu, a kwantar da ita sosai a riƙa turawa gaba.

Bayan an gama, wurin zai dusashe, sai an bi shi da folish da inji. Kowane bi yana cin maikiron kaɗan daga kiliyar, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan ce asarar da mai motar ba ya gani a ranar.

Malama Mai Zane:

Usta ya gama da ɓangarensa. Ni a kan ta farkon, ban yarda sai an zaɓi ɗaya ba. Abu yana iya zama fasaha kuma ya zama ta'adi a lokaci guda, domin tambayoyi biyu ne daban: ɗaya a kan gwanintar hannu, ɗaya a kan haƙƙin mai abu.

Gwanintar dai akwai ta, kada a raina. Fitar da layi siriri mai tsabta da gwangwani yana buƙatar sanin kan feshin da za a ɗora, na siriri ko na faɗi, da tazarar hannu daga ƙarfe, da saurin tafiyarsa. Ka rage sauri kaɗan fenti ya zubo kamar hawaye, ka ja baya da yawa layin ya yi ƙura. Salon nan a jikin jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York ya girma. A 1971 jaridar New York Times ta yi labari a kan wani matashi mai rubuta laƙabinsa, TAKI 183, ko'ina a birnin, kafin shekarun 1970 su ƙare kuma har tarago guda ake rufewa da zane daga sama har ƙasa. Hukumar jiragen ta fara shirin tsabtace su a 1984 da ƙa'ida mai sauƙi: taragon da aka wanke, in an sake fesa masa, ba zai fita aiki ba sai an goge. Mai zanen bai ga aikinsa yana yawo a gari ba, to me ya ci? A 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane.

Suna ma ba ya wanke mutum. A Yulin 2020 Banksy, mai zanen bango na Ingila wanda ake sayen ayyukansa da maƙudan kuɗi, ya fesa zanen ɓeraye a cikin wani taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, masu tsabta suka goge shi kamar na kowa. A ɗaya gefen kuma, da yardar kamfanin BMW mai zane Alexander Calder ya ƙawata motar tseren kamfanin a 1975, mai zane Andy Warhol kuma ya yi wa tasa fenti da hannunsa a 1979. Manyan motocin Pakistan masu ado tun daga goshi har wutsiya, masu su ne ke biyan masu zanen. Hannun mai zane bai canja ba a duk waɗannan. Abin da ya bambanta shi ne an tambayi mai motar. Kuma abin yana yi mini ciwo, domin mai fesa wa motar wani da dare yana ɓata wa masu yi da izini suna.

Alhaji Na Inshora:

Malama, doka ma haka take kallonsa. A Ingila misali, dokar ɓarnata dukiya ta 1971 ba ta tambayar kyan abin, tana tambayar dukiyar wa ce, kuma an ba da izini ko a'a.

Baban Hafsat, ƙari a kan maganar Usta: kafin a taɓa komai a ɗauki hoto daga nesa da lambar motar a ciki, sannan daga kusa, a kai rahoto ga 'yan sanda. Inshora mai ɗauke da komai ce ke biyan irin wannan, wadda ta tsaya ga wanda ka buga ba ruwanta. In fentin ya hau fitila, madubi, gilashin gaba ko lamba, kada a hau titi sai an cire. Akwai kuma masu rubutu a gilashi da sinadari mai cin gilashi, ya bar fari-fari kamar hazo. Wannan ba ya wankuwa, kuma ɗanyensa yana ƙona fata, kada a sa hannu.

Baban Hafsat:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Usta, to wanda yake son a yi masa irin zanen a motarsa da yardarsa fa, yaya za a yi ya daɗe?

Usta Mai Fenti:

In yana tunanin sayar da motar wata rana, a naɗe ta da ledar sitika tukuna a yi zanen a kanta, ranar da ya gaji a ɓare. In na dindindin yake so, a wanke, a cire maiƙo da kakin folish, a kashe sheƙin da samfefa mai lamba 800 da ruwa don fentin ya sami abin kamawa, a rufe fitilu da gilashi da robobi da takarda da tef. Bayan zanen a ba shi kwanaki ya bushe har ciki, sannan a rufe da kiliya mai hadina. Hawa na farko ya zama feshi sama-sama daga tazarar santimita 20 zuwa 25, a jira kamar minti 10, sannan a yi hawa biyu cikakku. In aka zuba ta da kauri tun farko, sinadarinta zai tayar da zanen ya yamutse kamar fatar tsoho. Hadina tana da guba ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, sai na masu fenti da wuri mai iska. A yi gwajin a kan tsohuwar ƙofar mota da gwangwanayen da za a yi aikin da su, domin ba kowane fenti ne yake jituwa da kowace kiliya ba.