Wa ya taɓa jinyar mai ƙari a ƙashi? Ku ba mu labari

Uwar yaro, Kano: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 14, wata uku ke nan yana kukan gwiwa. Mun ɗauka buguwa ce ta wajen ƙwallo. Yanzu saman gwiwar ya kumbura, in ka taɓa da ɗumi, kuma da dare ciwon ya fi tashi, har ya farka yana kuka. An yi hoto a asibitin ƙashi na Dala, likita ya ce sai an ɗebi ɗan yanki an kai gwaji. Kakarsa kuma ta dage a kai shi wajen mai ɗori. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, don Allah ya faɗa min abin da ya gani.

Tela, Zariya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni nawa tun ina ɗan shekara 12 na gano shi, ƙullutu ne mai tauri a ƙasan gwiwa, ba ya motsi, ba ya ciwo. Likita ya kira shi ostiyokondiroma, ya ce cikin ƙarin ƙashi da ba daji ba shi ya fi yawa. Tare da yaro yake girma, in tsawo ya tsaya shi ma ya tsaya. Haka kuwa aka yi. Yana nan har yau, sai na tsuguna awon wando nake tuna shi. Amma fa nawa bai taɓa hana ni barci ba.

Yayar marigayi, Gusau: 'Yar uwa, kar ki kai shi ɗori, ina roƙonki. Ƙanena shekararsa 16, kuma daidai wurin da kika faɗa ne. Mai ɗori ya murza, ya ɗaure da karare, daga baya wanzami ya yi tsaga wai mataccen jini ne. Wata shida muka ɓata. Kumburin ya kai girman kwakwa, fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, shi kuma sai ramewa yake. Ranar da ƙafar ta karye saukowa kawai yake daga gado, ba faɗuwa ya yi ba. Gwaji ya nuna ostiyosakoma, dajin ƙashi da ya fi kama matasa lokacin da suke tsawo. Likita ya sa a yi hoton ƙirji, na ce ina ruwan ƙirji da ƙafa? Ashe zuwa huhu dajin ya fi saurin tafiya, kuma ya riga ya je. Sun ce da mun zo da wuri, kemo za a fara, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, sannan a yi aiki, wasu ma ba a yanke musu ƙafar.

Ɗalibi, Maraɗi: Allah ya jiƙansa. Sai dai ciwon dare ba lallai daji ba ne. Nawa a ƙauri ne, ƙarfe biyun dare yake tashe ni, in na sha ibuprofen sai ya ɗauke ɗif. Ƙari ne ɗan mitsitsi, ko santimita 2 bai kai ba. An cire, shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna: Shi ya sa hannu da ido ba sa rabewa, gwajin nan ne ke rabewa. Akwai wani dajin ma, na Ewing, da kan zo wa yara da zazzaɓi, a yi ta ba su maganin ƙwayoyin cuta ana zaton ruɓar ƙashi ce. Manya kuma nasu yawanci daga wani wuri yake tasowa, nono ko huhu ko furostet, wata 'yar gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara. Mahaifina ciwon baya ya yi ta fama da shi, muna ta shafa man zafi, ashe daga furostet ne. Kafin sakamako ya fito, a hana yaron ƙwallo da tsalle, ƙashin ba shi da ƙwari.

Uwar yaro, Kano: Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa kakar tasa labarin Gusau, ta yi shiru. Ranar Talata za a ɗebi yankin, ita ma ta ce da ita za a je.