Docker Hub na ba ni 401 wajen jawo jerin tags, alhali docker pull na aiki

Assalamu alaikum, masana a taimaka. Ma'ajiyata ta sirri ce a Docker Hub, shafin da ake ajiye images na Docker. docker login da docker pull duk suna tafiya lafiya, amma da na tura GET zuwa registry-1.docker.io/v2/suna/manhaja/tags/list da curl sai 401, wato sabar ta ce ba a tantance ni ba.

Na bi abin da WWW-Authenticate, header ɗin da ya zo tare da amsar 401, ya nuna: na nemi token daga auth.docker.io/token, da service=registry.docker.io da scope=repository:suna/manhaja:pull, na sa shi a Authorization: Bearer. Ina amfani da shi nan take, don haka ba ƙarewar wa'adin token ɗin na daƙiƙa 300 ba ce.

Abin da ya ɗaure min kai: da na warware token ɗin da base64, sashen access ba izinin pull a ciki. Wato sabar ta ba ni token amma kamar ba ta san ni ba. Ina zargin curl -u bai kai sunana da PAT (personal access token, wanda ake sawa a madadin kalmar sirri) ba, ko kuma & ɗin cikin adireshin ya yanke scope tunda ban rufe shi da alamar zance ba.

Wanne zan fara dubawa? Kuma PAT mai izinin karatu kaɗai ya isa a jero tags?