Neman taimako kan resisto da allon lambobi mai sassa bakwai

Assalamu alaikum. Ina haɗa agogo ta amfani da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori) da allon LED ja (ƙananan fitilu) mai lambobi huɗu, irin wanda sassan kowace lamba suka haɗu a ƙafar katod ɗaya (ƙafar da wuta ke fita ta cikinta), kuma lissafin resisto (abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa) ya tsaya mini cak. Da na sa resisto guda a kan wannan ƙafa, sai lamba 1 ta yi haske sosai, lamba 8 kuwa ta dusashe, domin sassa bakwai ne ke rabon wutar da sassa biyu suka sha a lamba 1. Na koma na sa om 330 a kowane sashe, wanda a kan bolt 5, bayan cire kusan bolt 2 na LED, yake ba da kamar miliamfiya 9. Hasken ya daidaita, amma ya yi rauni ƙwarai, saboda bi da bi ake kunna lambobin, kowace lamba kashi ɗaya cikin huɗu na lokaci take kunne.

Abin da ya fi damuna shi ne, sassa bakwai tare sun haura miliamfiya 60, kuma duk ta ƙafar Arduino ɗaya da ke riƙe da katod suke bi, alhali iyakarta 40 ce. Don Allah, masana, shin in rage zuwa om 220 in sa transisto 2N2222 (makunnin lantarki) a kowace katod, kuma wane resisto ya dace da ƙafar da ke kunna shi?